Kiran da Ba Ya Ɗauke da Saƙo

Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, wayar Inna Mai-Layi ba ta yi ƙara da sunan Auta ba. Tana nan a kan ɗan teburin da ke gefen kujerarta, kusa da kwandon ɗinki, amma shiru. Auta ita ce 'yarta ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya a wani gari mai nisa, kuma tun da ta tafi ba ta taɓa barin ranar hutunta ta wuce ba ta kira uwarta ba. Abin da ya ƙara ɗaure wa Inna kai shi ne wayar maigidanta ba ta yi shiru ba. Takan ji ta yi ƙara, sai ya tashi ya fita baranda yana dariya yana cewa, "Autar Baba, ya aiki?"

Inna ba ta zargi 'yarta ba. Wayar ta zarga. A saninta, in kira bai iso ba, to layi ne ya samu matsala, kuma ba kowa ne zai ja da ita a kan wannan ba, domin a ofishin tarho ta yi ƙuruciyarta. A wancan zamanin mutum ba ya buga lamba da kansa. Akwai ɗan hannu a gefen tarho, shi zai murza, sai wata 'yar fitila ta kama a jikin wani babban allo mai ramuka da yawa a can ofis. Gaban allon mata ne a jere kan dogayen kujeru, kowacce da abin sauraro a kunne da igiyoyi masu bakin tagulla a gabanta. Inna za ta soka igiya a ramin da ya yi haske ta ce, "Da wa za a haɗa ka?" In an faɗa, ta soka ɗayan bakin a ramin wancan, ta jira har ta ji muryoyin biyu sun gamu, sannan ta janye tata muryar. Shugabarsu tana zagayawa a bayansu da takalminta mai ƙara, kuma abin da ta fi nanata musu shi ne, "Layi ba naku ba ne. Ku haɗa, ku kauce." Daga nan unguwa ta laƙaba mata Mai-Layi, sunan ya bi ta har tsufa.

A nan ma ta samu miji. Baba a lokacin mai hawa falwaya ne. Yakan ɗaure ɗamararsa ya hau can sama, ya maƙala ɗan tarhon gwajinsa a jikin waya ya murza, ya ce, "Gwaji ne, ana ji na?" Ta ce ana ji. Gobe ma ya gwada. Har yau in an taɓo zancen, Inna takan ce ba a taɓa yin layin da ya sha gwaji kamar nata ba, alhali lafiyarsa ƙalau.

Da safe ta yafa mayafi, ta sa wayar a jaka, ta nufi layin masu gyara a bakin kasuwa. Shagon da take zuwa ƙarami ne, mutum biyu ba sa iya wuce juna a ciki. Akwai akwatin gilashi cike da matattun wayoyi, da fitila mai dogon wuya, da warin dalmar da ake narkawa. Mai gyaran, wani magidanci mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, ya share mata benci da hannun rigarsa.

"Mama, yau kuma me ta yi miki?"

"Ba ta karɓar kira, ɗana."

"Ko ɗaya?"

"Na 'yata dai ba ya shigowa."

Ya jujjuya wayar, ya latsa nan ya latsa can, sannan ya ɗauki tasa ya kira lambarta. Nan take ta ɗauki ƙara har mai sayar da caja na gefe ya leƙo. Ya katse ya sa maƙwabcin nasa ma ya kira. Ta sake yin ƙara.

"Mama, wayarki ta fi ni lafiya. Ni da na kwana da ciwon baya."

"To ka buɗe cikinta mana. Wataƙila wata waya ce ta tsinke a ciki."

"In na buɗe lafiyayya, gobe da majinyaciya za ki dawo min."

Inna ta bi shagon da kallo. A saman kanta, can kusa da rufi, akwai wani baƙin tarho na girke, irin mai faifai da ramukan lambobi. Ta ce ya sauko mata da shi. Ya hau kujera ya sauko da shi yana hure masa ƙura. Ta ɗora shi a cinya, ta sa yatsa a wani rami ta juya faifan har ƙarshe, ta saki. Faifan ya koma a hankali yana ɗan gurnaninsa.

"Ka ga wannan? Shi ya sallame mu daga aiki," in ji ta, ba tare da wani ɓacin rai ba. "Ranar da aka kawo na'urar da ke haɗa layi da kanta, sai da muka je muka leƙa ɗakinta. Ba kujera, ba mutum, sai ƙas-ƙas kawai kake ji. Wata a cikinmu ta ce, to ita wannan in mutum ya kira yana kuka, me za ta ce masa?"

Mai gyara ya yi dariya. "Yaran yanzu in sun gan shi, ramukan suke dannawa, su ce min ya lalace. Wani har tambayata ya yi ina ake ganin hoto."

Inna ta ce, "Haka ne zamani. Bayan shi aka kakkafa na bakin titi, mutum ya shiga ɗan ɗaki ya rufe ƙofa, na baya suna ƙwanƙwasa masa gilashi. Babana bai ga na hannu ba. Da wani ya ce masa za a yi tarho marar waya, da ya ce a kai mutumin a duba shi."

Ta mayar masa da tarhon, ta karɓi wayarta. Ta fito ba ta ji daɗi ba. Da a ce an sami tsinkakkiyar waya a ciki, da an liƙe ta an huta.

A gida ta tarar da Baba a falo yana fama da rediyonsa, surukarta kuma tana ninke wanki a kan tabarma. Matar babban ɗansu ce, 'ya'yanta duk sun shiga makaranta, amma har yanzu Amarya ake ce mata. Inna ta zauna ta ba su labarin zuwanta wurin mai gyara. Amarya ta sunkuyar da kai ta hau ninke zani ɗaya har sau uku. Baba ya ajiye rediyon.

"Mai-Layi, da kin tambaye ni da na rage miki tafiya. Layin lafiya lau yake. Matsalar daga ofis take."

"Wane ofis?"

Ya nuna kujerarta. Sannan ya miƙe, ya ɗauki murfin kwano ya kara a kunne, ya siranta murya. "'Auta, lafiya? Lafiya lau. Akwai saƙo? Babu? To madalla, ga yayanki.'" Ya miƙa wa Amarya murfin. "Daga yayanta sai Amarya. Daga Amarya sai yara, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda bai iya magana ba tukuna a lokacin. Daga nan sai ki leƙa ta katanga ki kira Tela."

"Ai Tela shi ya ɗinka mata kayan makaranta tun tana ƙarama."

"Shi kuma mai gyaran famfo me ya ɗinka mata?"

Dariyar da Amarya take dannewa ta kuɓuce mata. "Wallahi Inna, ran nan sai da suka gaisa. Hannunsa duk jiƙe, ni na riƙe masa wayar. Yana ta cewa ya aiki ya aiki, bai ma san ko wace ce ba."

"Kafin wayar ta zagayo hannunki," Baba ya ci gaba, "lokacinta ya ƙare, za ta tafi kasuwa ko ta kwanta ta huta. Sai ku yi sai anjima. Ta ce min, Baba, na gaisa da unguwa kaf, amma na manta rabon da in yi hira da uwata. Ta ce wataƙila surutunta ne ya gundure ki, bari ta ɗan ba ki hutu."

Inna ta miƙa hannu. Ta ɗauki wayar daga kan tebur ta mayar.

"Amma ai nakan tambaye ta ko akwai saƙo," ta ce a hankali. "In ta ce babu, me zan tsaya yi a kan layi? Yarinya tana can ita kaɗai, ba dangi ba kowa. Na ga abin da zan iya yi mata shi ne in ba ta mutanenta, ta ji muryar kowa. Ni a ganina gata nake yi mata."

"Gata ne, Inna," in ji Amarya, dariyar ta tafi. "Sai dai ke take kira."

Ranar Inna ba ta yi ɗinki ba. Ta zauna da kwandon a cinya tana tunani. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne a ce Autarta tana can tana zaton uwarta ta gaji da ita. Ta tuna yadda takan ƙagu ranar hutun ta zo, yadda takan matso da wayar kusa tun da safe, sannan in ta yi ƙara hannunta da kansa yake miƙa ta gaba. Ba ta taɓa lura ba.

Da yamma Baba ya zo ya zauna kusa da ita da kofin shayinsa.

"Kin san yadda muke yi in dogon layi ya rikice?" ya ce. "Layin da ya yi rassa, wannan ya shiga asibiti, wannan ya shiga tasha, wannan gidan wane. Ba ma tsayawa zato. Sai mu bi rassan muna cirewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage baki biyu kawai, nan da can. Sannan a yi magana a ji."

"To ni ce za ka cire wa rassa?"

"Gidan zan cire wa. Ke dai ki bar min aikina."

Da ranar hutun Auta ta zo, Baba ya tashi da wuri kamar mai zuwa aiki. Ya sa Amarya ta shirya yara ta kai su gidan iyayenta su wuni. Ya ce wa babban ɗansu, wanda ya so ya ɗan kishingiɗa a falo, ai shago ba ya buɗe kansa. Ya zagaya ya tabbatar famfo ba ya ɗiga. Sannan ya ɗauki kujerarsa ta roba ya dasa a bakin ƙofar gida, ya sa hula.

"Saura abu ɗaya," ya ce ta taga. "Yau ba ita za ta kira ba. Ke za ki kira. Kuma na hoto, don kada ki ce min ba kya ji sosai ki fito nema na."

Inna ta sa tabarau. Ta daɗe tana kallon gilashin wayar. Ta haɗa kiran mutane da ba ta san iyakarsu ba, amma in ba rasuwa ko haihuwa ba, ba ta tuna ranar da ita ta ɗauki waya ta nemi wani. Ta nemo sunan, ta taɓa 'yar alamar da Amarya ta nuna mata jiya.

Bugu biyu fuskar Auta ta bayyana, ɗankwali a karkace, ido a waje.

"Inna? Lafiya? Wani abu ya sami Baba?"

"Babanki yana nan garau."

"Yaya fa? Yaran?"

"Kowa lafiya. Ina kwana dai tukuna."

Auta ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara ɗankwali, ta gaishe ta yadda ya kamata. Inna ta tambayi aiki, ta tambayi gajiya, ta tambayi maƙwabta. Auta ta amsa duka. Gaisuwa ta ƙare.

Inna ta ji hannunta ya fara nisa da fuskarta. Idonta ya tafi ƙofar kicin, ya tafi ƙofar ɗakin yara, ya dawo. A can waje ta ji muryar Tela yana sallama, da muryar Baba yana cewa, "Yau ba shiga, maigida. In almakashi ka zo aro, sai gobe."

"Inna, silin nake gani," in ji Auta. "Wa za ki ba?"

Inna ta dawo da wayar daidai fuskarta. "Babu kowa. Babanki ya kore su duka, yana can yana gadin ƙofa har da hula."

Auta ta kalle ta, sannan ta fashe da dariya har hoton yana rawa. "Baba ya faɗa miki ke nan."

"Ya faɗa, har da murfin kwano. Auta, ban gaji da ke ba. Ko kusa."

"Na sani, Inna." Ta share ido da bayan hannu, dariya ce ko wani abu, Inna ba ta tambaya ba. "Na sani. Kewa ce kawai ta sa ni shirme."

"To ga ni. Faɗa min abin da kike son faɗa."

"Ba komai fa."

"Ba komai kamar yaya?"

"Ba ni da wani labari, Inna. Jiya aiki, shekaranjiya aiki. Yau guga zan yi."

Inna ta rasa inda za ta kama. A zamaninta duk fitilar da ta kama a allo da nauyinta take zuwa. Ko an haihu, ko an rasu, ko kaya sun iso tasha, ko ana neman likita. Mutum ya faɗi abin da ya kawo shi ya sauka, domin wani yana jiran layin.

"To in babu magana, me ake yi a waya?" ta tambaya, da gaske take.

"Zama ake yi. Tsaya ki gani."

Hoton ya juya, Inna ta ga labule, ta ga gefen gado, sannan komai ya tsaya cak. Auta ta jingina wayar da kofi a kan tebur, ta ja baya. Yanzu Inna tana ganin rabin ɗakin: teburin guga, fararen kayan aiki a tare a kan kujera, wata 'yar shuka a gwangwani a bakin taga. Ba ta taɓa ganin ɗakin 'yarta ba sai yau.

"Ke ma jingina taki, ki ɗauko ɗinkinki," in ji Auta, tana taɓa dutsen guga da yatsa ta ji ko ya yi zafi.

Inna ta jingina wayar da kwalbar man shafawa, ta zame, ta sake jinginawa da kwandon zare, ta tsaya. Ta ɗauko rigar Baba da maɓallinta ya fita, ta zura zare a allura. Suka yi shiru na ɗan lokaci. Ana jin hucin dutsen guga daga can, da ƙarar motoci a titin da Inna ba ta sani ba. Da farko shirun ya dame ta, tana ji kamar ta bar famfo a buɗe. Sai ta ɗaga kai ta ga yadda Auta take tura leɓe gaba in tana guga, kamar dai lokacin da take koyon rubutu.

"Wuyan rigar ake fara gogewa," in ji Inna.

"Na san za ki faɗa."

"To me ya sa kika fara da hannu?"

"Don ki faɗa."

Inna ta yi murmushi ta ciji zare. "Wannan shukar ta taga, ruwa take so. Ganyenta ya langwaɓe."

"Wata majinyaciya ce ta ba ni da za a sallame ta. Kullum ina mantawa." Ta ajiye dutsen ta ɗebo ruwa a kofi ta zuba mata. Da ta dawo ta ce, "Inna, wai da gaske ba kwa sauraron hirar mutane a ofis ɗin nan? Ko sau ɗaya?"

"Ba ma yi. Amma murya ba ta ɓuya. Na san garin nan kaf da kunne, ban san fuskar kowa ba. Akwai wani mai sayar da katako, kullum kafin ya faɗi wanda yake nema sai ya yi gyaran murya sau biyu. Ran nan ina cikin motar haya, bayan na bar aiki da daɗewa, sai na ji gyaran muryar nan a bayana. Ban san lokacin da na juya na ce masa, da wa za a haɗa ka ba."

Auta ta saki rigar ta dafa tebur tana dariya. "Sai ya ce me?"

"Ya ce, da tashar jirgi, 'yan mata. Kansa duk furfura, ni ma haka. Mutanen mota suka ɗauka mun taɓu."

"Ba ki taɓa ba ni wannan labarin ba."

"Ba ki taɓa tambaya ba."

"Yaushe zan tambaya, ina gaisawa da mai famfo?"

Daga nan hira ta ɓalle. Auta ta goge riga ta biyu da ta uku. Ta ba da labarin wani tsoho a ɗakin da take kula da shi, wanda yake ɓoye maganinsa a cikin hula, da abokiyar aikinta mai yin waƙa in tana wanke hannu. Ta faɗi cewa wani lokaci in ta dawo gida ɗakin yakan yi mata faɗi, duk ƙanƙantarsa. Inna ta saurara, ba ta yi sauri ta ba da shawara ba. Ta gama maɓallin Baba, ta ɗauko siket ɗin jikarta da ya farke.

Rana ta yi sama. Inuwar da Baba yake zaune a ciki ta janye ta bar shi a fili. Ya matsar da kujerarsa, ta sake janyewa. Ya leƙo ta taga ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta ɗaga masa hannu ba ta ko waiwayo ba. Ya tsaya yana jin muryoyin biyu, sannan ya ɗauki kujerarsa ya tsallaka shagon Tela, yana cewa ko akwai sauran shayi, shi yau an hana shi gidansa.

Can wayar ta yi wata 'yar ƙara, wani jan rubutu ya fito a saman fuskar Auta.

"Me kuma wannan?" in ji Inna, tana matso da tabarau.

"Cajinki ne ya kusa ƙarewa. Ba komai Inna, mu bari sai wani satin."

Inna ta duba. Cajar tana can jikin bango kusa da ƙofar kicin, igiyarta gajeriya. Ta ajiye siket ɗin, ta miƙe, ta kama kujerarta mai nauyi ta ja ta a hankali har gindin bangon, ƙafafunta suna ƙara a kan siminti. Ta koma ta ɗauko kwandon zare, ta jona wayar, ta jingina ta, ta zauna tana haki kaɗan.

"To," ta ce, tana laluben allurarta. "Da kika ɗaga hular tsohon, sai ya ce miki me?"